Faɗuwar Gaba da Rawar Jiki: Yadda Ake Lallaɓa Jiki Idan Fargaba Ta Taso

Akwai mutanen da ke yawo daga asibiti zuwa kemis, daga kemis zuwa wurin mai maganin gargajiya, kuma ƙorafinsu ɗaya ne: gaba na faɗuwa, zuciya na dukan uku-uku, numfashi ba ya isa, hannu na karkarwa, ga jiri ga zufa. An auna jini, an ɗauki hoton ƙirji, an ce musu lafiya lau. Su kuwa sun san abin da suke ji, don haka "ba komai" ɗin likita ba ya kwantar musu da hankali, sai ma ya ƙara musu zullumi. Da likitan da mai ƙorafin kowa na da gaskiyarsa. Zuciyar ƙalau take, kuma abin da ake ji ba ƙirƙira ba ne. Jiki ne ya yi shirin gudu ko faɗa a wurin da babu abin gudu, babu abokin faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da larurar fargaba a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa. Wannan jagora ta taƙaita ne ga ɓangaren jiki: me ke jawo alamomin, me za a yi idan sun taso, da yadda za a rage yawan zuwansu.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A saman kowace ƙoda akwai wata ƙaramar halitta mai fitar da sinadarin adiranalin. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko na gaske ko wanda tunani ya ƙago, sai ta aika saƙo, adiranalin ya kwarara cikin jini cikin 'yan daƙiƙoƙi. Masanin aikin jiki Walter Cannon na Jami'ar Harvard da ke Amurka ya yi bayanin wannan tsari tun 1915. Kowace alama da ke tsorata mutum tana da aikin da aka yi ta dominsa.

Zuciya na ƙara gudu ne don ta kai jini ga cinyoyi da damatsa. Babba da ke zaune yakan yi bugu 60 zuwa 100 a minti, a cikin firgita kuwa ya haura haka nesa ba kusa ba, kamar dai wanda ya yi tsere. Jini na janyewa daga fata da hanji, shi ya sa tafin hannu ke sanyi, ciki ke murɗawa, wani ma bayan gida ya matsa masa. Yawu na ƙafewa saboda jiki ya dakatar da narkar da abinci. Jijiyoyin nama na ɗaurewa, sai a ga karkarwa, a ji wuya ya sage, ƙirji ya yi nauyi. Zufa kuwa shirin sanyaya jiki ne.

Numfashi ne ya fi rikita mutane. Wanda ya firgita yana shaƙa da sauri, sama-sama, yana jin kamar iska ba ta ishe shi ba. Alhali iskar oksijin a jininsa ta wadata. Abin da ya ragu shi ne iskar kabon da yake fitarwa fiye da kima. Idan ta yi ƙasa, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, sai jiri, sai ganin dishi-dishi, sai a ji kamar ana tsira allurai a yatsu da gefen baki, wani lokaci yatsun su ƙage. Mutum ya ga haka ya ƙara jan iska, abin ya ƙara ta'azzara.

A 1986 masanin halayyar ɗan'adam David Clark na Jami'ar Oxford a Ingila ya fayyace yadda firgita ke ciyar da kanta. Mutum ya ji zuciyarsa ta buga da ƙarfi, ya ce a ransa "shi ke nan, ciwon zuciya ne". Wannan tunanin kansa haɗari ne a wurin ƙwaƙwalwa, sai ta sake sakin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, shi kuma ya ƙara gaskata zatonsa. Shi adiranalin ba ya daɗewa a jini: cikin minti biyu zuwa uku rabinsa ya ƙone. Firgita takan kai ƙololuwarta cikin kimanin minti goma sannan ta fara sauka. Abin da ke tsawaita ta shi ne tsoron alamomin. Wanda ya fahimci wannan ya samu rabin maganin.

Da farko, a tabbatar fargaba ce

Kada kowa ya yanke wa kansa hukunci a ɗaki. A je wurin likita sau ɗaya, a yi bincike mai kyau, domin akwai cututtukan da ke zuwa da irin wannan siffa: ƙarancin jini, faɗuwar sukari, yawan aikin halittar tayirod da ke wuya, asma, zazzaɓi, da rikicewar bugun zuciya. Wasu magunguna ma na jawo bugun zuciya da karkarwa, kamar maganin shaƙa na masu asma da wasu magungunan mura. A tafi da duk abin da ake sha a nuna wa likita, har da na gargajiya.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su, asibiti ake nufa nan take:

- Ciwon ƙirji mai danna mutum, mai bi ta hannu ko muƙamuƙi ko baya, musamman idan aiki ko tafiya ne ya tayar da shi, ko mutum ya manyanta, ko yana da hawan jini ko ciwon sukari.
- Suma, ko bugun zuciya mai tsalle-tsalle da ya ƙi daidaita.
- Karkacewar baki, mutuwar ɓarin jiki, ko harɗewar harshe.
- Sarƙewar numfashi mai fito, ko leɓe ya canza launi.
- Mai tsohon ciki ko mai jego da ke haki, ƙafafunta na kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina. Ciwon zuciyar da ke biyo bayan haihuwa sananne ne a Arewacin Najeriya, likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Kada a ce mata damuwa ce kawai.

Idan an bincika an tabbatar jiki lafiya, to a riƙe wannan sakamakon da hannu biyu. Komawa a sake gwaji duk mako yana kwantar da hankali na kwana biyu, sannan ya koya wa ƙwaƙwalwa cewa lallai akwai abin da ake ɓoyewa.

Idan ta taso: matakai shida

1. Ka kira abin da sunansa. Ka faɗa a ranka, ko a fili: "Adiranalin ne. Na san shi. Zai hau, zai sauka." Kada ka yi wa kanka ƙaryar cewa ba ka jin komai, jiki ba zai yarda ba. Ka amsa cewa kana ji, ka ƙi yarda cewa mutuwa ce.

2. Ka tsawaita fitar da numfashi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce "ja numfashi sosai", kuma ita ce ke ƙara jiri, domin mai firgita ya riga ya ja fiye da bukata. Ka ɗora tafin hannu a kan cibiya. Ka shaƙa ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka bari ciki ya taso, kafaɗu su zauna a inda suke. Ka fitar ta baki, leɓe a tsuke, kana ƙirga shida. Wannan zai ba ka numfashi kusan shida a minti, maimakon 12 zuwa 20 da aka saba. Dalilin kuwa, a duk lokacin da ake fitar da iska, wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa ƙirji da ciki tana rage wa zuciya gudu. Idan ƙirga huɗu da shida ya yi maka tsawo, fara da uku da huɗu. A minti na farko za ka ji kamar iskar ba ta isa ba. Ka daure, haka yake ga kowa. Kada kuma ka numfasa cikin leda ko jakar takarda: idan aka yi rashin sa'a asma ce ko ciwon zuciya, hakan na da haɗari.

3. Ka sassauta inda ya ɗaure. Wurare uku ne suka fi ƙagewa: muƙamuƙi, kafaɗu da tafin hannu. Raba haƙoran sama da na ƙasa, sauke kafaɗu, buɗe yatsu. Idan karkarwa ta zo, ka ƙyale ta. Ƙoƙarin danne ta ɗaure jiki ne, ɗaurewar kuma ita ke ƙara ta.

4. Ka sa ruwan sanyi a fuska. Ruwan randa ko na firji a goshi, kumatu da kewayen idanu na sa zuciya ta rage gudu, saboda wani tsari da jikin ɗan'adam ke da shi na tattalin iska idan fuska ta shiga ruwa. Mai yin alwala ya yi ta a natse, ya daɗe kaɗan a wanke fuska. Wanda aka san yana da ciwon zuciya ya tambayi likitansa kafin ya yi amfani da ruwan ƙanƙara.

5. Ka mayar da hankali waje. Mai firgita kunnensa na cikin ƙirjinsa, yana sauraron kowane bugu. Ka danna tafin ƙafa a ƙasa ka ji taurinta. Ka lissafa abubuwa biyar da kake gani, huɗu da kake taɓawa, uku da kake ji da kunne. Mai carbi ya ja shi a hankali, ƙwaya ɗaya ga kowane fitar numfashi. Ka daina taɓa jijiyar wuya kana ƙirga bugu, ka ajiye na'urar awon jini.

6. Ka motsa, sannan ka ba shi lokaci. An saki adiranalin ne domin gaɓoɓi su yi aiki, to ka ba su aikin: zagaya tsakar gida, taka zuwa bakin titi ka dawo, share ɗaki. Bayan haka kada ka yi tsammanin jiki zai koma daidai nan take. Ko an janye itace daga murhu, tukunya ba ta daina tafasa a lokacin. Kasala, hamma, sanyin jiki da ɗan ciwon kai na iya biyo baya na sa'a guda ko fiye. Alamar saukowa ce, ba sabon ciwo ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi wuya: in da hali, kada ka bar wurin. Idan a kasuwa ta same ka, koma gefe ka zauna har ta lafa, sannan ka ƙarasa cefanenka. Wanda ya gudu gida zai ji sauƙi, amma ƙwaƙwalwarsa za ta rubuta cewa kasuwar ce haɗarin, gudun ne ya cece shi. Gobe kasuwa, jibi motar haya, gata sahun gaba a masallaci, har duniyar mutum ta koma ɗaki ɗaya. An gudu ba a tsira ba.

Abubuwan da ke ajiye jiki a kan ƙaya

Wasu ba firgita mai tsanani ke damunsu ba, jikinsu ne kullum a ɗaure, kamar ana jiran mugun labari. Irin waɗannan su fara duba abin da suke ci da sha.

Kafeyin ne na farko. Yana cikin kofi, shayi, goro, lemon kwalba mai launin baƙi da lemukan ƙara kuzari da matasa da direbobi ke sha. Yana sa bugun zuciya da karkarwa ko ga wanda ba shi da fargaba, kuma bayan kimanin sa'a biyar rabinsa na nan a jini. Ke nan shayi mai kauri da aka sha a majalisa bayan isha'i yana aiki har tsakar dare. Kada a yanke shi rana ɗaya, ciwon kai zai biyo baya. A rage a hankali cikin mako biyu, a kuma daina sha daga azahar. Taba sigari da shisha su ma suna tayar da bugun zuciya, ko da mai sha yana jin kamar suna kwantar masa da hankali.

Yunwa ta biyu. Idan sukari ya yi ƙasa a jini, jiki na sakin adiranalin don ya ɗaga shi, sai a ji karkarwa da zufa iri ɗaya da na tsoro. Mai fita aiki ba karin kumallo ya lura da wannan. A watan azumi, sahur mai riƙe ciki irin su wake, ƙwai, fura ko tuwo ya fi shayi da burodi, kuma wanda ya saba da goro ko kofi ya fara ragewa tun cikin Sha'aban. A lokacin bazara kuma ƙarancin ruwa a jiki kaɗai ya isa ya sa zuciya gudu da jiri.

Barci na uku. Daren da ba a yi barci ba yana sa ƙwaƙwalwa saurin razana washegari. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, a ajiye waya nesa da shimfiɗa, musamman a guji kallon bidiyon hare-hare da gawarwaki da ake turawa a WhatsApp da daddare. Ƙwaƙwalwa na amsa abin da ido ya gani ko da a wani gari ya faru.

Na huɗu, zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta rabin sa'a sau biyar. Ban da ƙarfafa jiki, tana koya wa mutum cewa zuciya na iya gudu, a yi haki, a yi zufa, kuma ba abin da zai faru.

Atisayen ranakun lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa gwada numfashin huɗu da shida ba sai ranar da firgita ta kama shi, ba zai iya ba. A yi shi minti biyar, sau biyu a rana, a lokacin da hankali ke kwance. A haɗa shi da abin da aka saba, kamar bayan sallar asuba da kafin kwanciya, don kada a manta.

Sai atisayen sassauta gaɓoɓi da likitan Amurka Edmund Jacobson ya tsara a shekarun 1920. A kwanta ko a zauna a jingine. A dunƙule hannu da ƙarfi na daƙiƙa biyar, a sake shi gaba ɗaya na daƙiƙa goma sha biyar, ana lura da bambancin. Daga nan damatsa, kafaɗu, fuska, ciki, cinyoyi, har yatsun ƙafa. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Amfaninsa shi ne mutum ya koyi gane ɗaurewar jiki tun tana ƙarama. Da yawa ba su san sun wuni da cije haƙora ba sai sun fara wannan. A tsallake duk gaɓar da ke da rauni ko ciwo.

Wanda likita ya tabbatar wa zuciyarsa lafiya zai iya ƙara mataki: ya jawo alamomin da gangan. Ya hau bene da sauri ko ya yi gudu a tsaye na minti ɗaya, sannan ya tsaya ya saurari bugun ba tare da ya yi komai a kai ba, har ya sauka da kansa. Idan aka maimaita, tsoron bugun na raguwa. Haka wuraren da aka ƙaurace wa: a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a fara da na ƙasa, a riƙa komawa har ya daina tayar da hankali, sannan a matsa gaba.

Yana da kyau a ajiye ɗan littafi: yaushe firgita ta zo, a ina, me aka ci ko aka sha, barcin sa'a nawa aka yi, minti nawa ta ɗauka. Bayan wata guda mutum zai ga abin da ke tayar masa da ita, zai kuma ga da rubutun hannunsa cewa duk wadda ta zo ta wuce.

Idan na kusa da kai ne

A gidajenmu, da an ga mutum na haki yana karkarwa sai a taru a kansa, wannan na salati, wancan na kuka, wani na cewa iska ce, wani na neman mota. Taron kansa ƙarin firgita ne. Mutum ɗaya ya isa. A rage jama'a, a buɗe taga, a zauna daidai da shi, a yi magana ƙasa-ƙasa da gajerun kalmomi: "Sannu Yaya, ina nan tare da ke. Bi numfashina, mu fitar tare." Ko kuma: "Baba, jingina nan. Irin na rannan ne, zai wuce da yardar Allah." Kada a ce "daina mana" ko "ka cika tsoro". Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo yana haki, kada a turara masa hayaƙi. Addu'a na kwantar da zuciyar mai imani, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Cewa da mutum rashin tawakkali ne ya jawo masa kuwa ƙarin nauyi ne a kan wanda yake ɗauke da shi. Idan wannan ne karo na farko, ko an ga ɗaya daga alamomin haɗarin da aka lissafa, a kai shi asibiti.

Lokacin neman ƙwararre

Idan abin ya kai makonni yana hana aiki, karatu, barci ko fita, ko ya biyo bayan wani tashin hankali kamar hari, garkuwa, haɗarin mota ko rasuwa, ko baƙin ciki ya haɗu da shi, to dabarun gida kaɗai ba za su wadatar ba. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa ya gaya wa wani da ya amince da shi, a nemi likita a ranar.

Akwai jinyar tattaunawa da ake kira CBT, inda ƙwararre ke koya wa mutum gyara fassarar da yake yi wa alamomin da fuskantar abin da yake gudu. Akwai kuma magungunan da ake sha kullum, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a daina su kwatsam sai da shawarar likita. Abin da za a kiyaya shi ne sayen magani a kemis ba takarda. Diazepam na kwantar da jiki nan take, amma jiki na sabawa da shi, barinsa kuma ya dawo da fargabar fiye da da. Propranolol na rage bugun zuciya da karkarwa, amma yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Tiramol da kodin ba maganin damuwa ba ne, sabuwar larura ce.

Ana iya farawa daga babban asibiti mafi kusa. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa na da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa, ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Kafin ranar ganin likitan, a fara da abin da ke hannu: numfashin minti biyar safe da dare, rage shayi da goro, tafiyar rabin sa'a, da littafin da za a nuna masa.